Tambayoyi da Amsoshi Kan Zaɓen Bindigar Farko Don Wasan Harbin Faifai na Tirap

An tattara waɗannan tambayoyi ne domin wanda ya fara sha'awar wasan harbin faifai, musamman mazaunin Amurka ko Turai inda filayen wasan suke da yawa, kuma yake tunanin mallakar bindigarsa ta farko. Bindigar da ake magana a kanta ita ce mai watsa ƙwayoyin dalma, irin wadda ake harbin tsuntsaye da ita, wadda cikin bututunta sumul yake.

Mene ne tirap, kuma me ya sa ake cewa yana da bindigarsa ta daban?

Tirap wasa ne da na'ura ke cilla ɗan faifai mai saurin fashewa daga wani ɗan ɗaki ko rami da ke gaban maharbi, shi kuma ya yi ƙoƙarin fasa shi kafin ya yi nisa. Asalinsa daga Ingila ne, a ƙarshen ƙarni na 18, lokacin da ake sakin tattabaru masu rai daga cikin akwatuna ana harbinsu. Daga baya aka koma ga ƙwallayen gilashi, har George Ligowsky na birnin Cincinnati ya fito da faifan yumɓu a 1880. Faifan yau ana haɗa shi ne da kwalta da garin farar ƙasa, faɗinsa milimita 108 zuwa 110, kuma galibi ruwan lemo ake shafa masa domin ido ya kama shi da wuri.

Abin da ya bambanta tirap da sauran wasannin harbin faifai shi ne alkiblar faifan. Kullum guje wa maharbi yake yi, kuma a daidai lokacin da ake harbinsa yana kan hawa sama. Duk wata siffa ta bindigar tirap daga nan ta samo asali: dogon bututu, nauyi, matsattsen baki, tudun gindi mai tsayi, da kuma saitin da ke kai ƙwayoyin dalma sama kaɗan da inda ido ya nufa. Wanda ya riƙe wannan batu zai fahimci mafi yawan abin da mai kanti zai gaya masa, zai kuma gane inda aka fara yi masa daɗin baki.

Ashe tirap ba iri ɗaya ba ne? Wanne zan duba kafin in yi sayayya?

Manyan ire-irensa uku ne, kuma irin da ake bugawa a filin da ke kusa da kai shi ne ya kamata ya yanke maka shawara.

A Amurka tsarin ATA ake bi, wato ƙungiyar da ke kula da gasar tirap a can. Maharba biyar ne ke jeruwa a matsaya biyar, yadi 16 a bayan ɗakin na'ura, kowa ya harbi faifai biyar a kowace matsaya, zagaye ya cika faifai 25, kuma harbi ɗaya tak ake yi wa kowane faifai. Akwai sashen da ake ja da maharbi baya gwargwadon ƙwarewarsa har zuwa yadi 27, akwai kuma sashen da faifai biyu ke tashi a lokaci guda. Babbar gasar wannan tsari, Grand American, an fara ta a 1900, ta daɗe ana yin ta a Vandalia ta jihar Ohio kafin ta koma Sparta ta jihar Illinois a 2006.

A Ingila da Ostareliya da New Zealand akwai tsarin da ake kira DTL (Down-the-Line), wanda ya yi kama da na Amurka, sai dai an yarda a yi harbi biyu: maki uku ga wanda ya fasa da harbin farko, biyu ga wanda sai da ya ƙara.

Na uku shi ne na Olamfik, mai na'urori 15 jere cikin dogon rami, maharbi yana mita 15 a bayansu. Faifansa ya fi gudu nesa ba kusa ba, yana tafiyar mita 76 kafin ya faɗi, kuma giram 24 na dalma kawai aka yarda harsashi ya ɗauka. A wannan tsari ne Nathan Hales na Birtaniya da Adriana Ruano ta Guatemala suka ci zinare a birnin Paris a 2024.

Ma'anar wannan ga mai saye a fili take. Bindiga mai bututu ɗaya da ke ɗaukar harsashi ɗaya za ta wadatar da kai a sassa biyu na tsarin Amurka, amma ba za ta yi maka faifai biyu ba, kuma a DTL ko Olamfik ta hana ka harbi na biyun da kowa ke da shi.

Shin dole ne in mallaki bindiga kafin in fara?

A'a, kuma shawarar da ta fi kowace muhimmanci a wannan shafi ita ce kada ka saya tukuna. Yawancin filaye suna da bindigogin haya da masu koyarwa, kuma tsofaffin maharba ba su cika hana sabon shiga gwada tasu ba idan ya roƙa cikin ladabi ya kuma zo da harsashinsa. Mutumin da bai taɓa harbi ba bai san yadda yake ɗora kunci ba, bai san nauyin da hannunsa zai ɗauka har zagaye huɗu ba, tsayuwarsa ma za ta sauya cikin 'yan watannin farko. Bindigar da ta yi masa daidai a ranar farko tana iya zama gajera ko doguwa bayan jikinsa ya saba. Ya fi kyau ya harbi 'yan ɗaruruwan faifai da bindigogi iri-iri, yana lura da wadda ke tashi zuwa fuskarsa ba tare da kokawa ba, sannan ya nufi kanti.

Geji 12 zan ɗauka ko 20?

Geji 12. Geji ma'aunin faɗin bututu ne, kuma 12 shi ne mafi girma da dokokin gasa suka amince da shi, faɗin bututunsa kimanin milimita 18.5, harsashinsa ya fi samuwa kuma ya fi araha, kusan dukan bindigogin da aka ƙera domin tirap a kansa suke.

Da yawa suna ɗauka cewa geji 20 ya fi sauƙi a kafaɗa saboda ƙanƙantarsa, alhali sau da yawa akasin haka ake gani, domin bindigar geji 20 ba ta da nauyi, kuma rashin nauyi shi ke sa dukan da bindiga ke yi baya lokacin harbi ya isa ga jiki da ƙarfi. Bindigar geji 12 mai nauyi da aka ɗura wa harsashin giram 24 ta fi ta sanyin duka. Geji 20 yana da amfani ne ga wanda hannunsa ba zai iya ɗaga babbar ba.

Akwai gargaɗi guda da bai kamata a tsallake ba. Harsashin geji 20 yana iya zamewa cikin bututun geji 12 ya maƙale a gaba ba a gani ba, idan aka saka na 12 a bayansa aka harba, bututun na iya tarwatsewa a hannun maharbi. Saboda haka ba a haɗa iri biyun a aljihu ɗaya ko jaka ɗaya.

Wane irin gini ya fi dacewa da sabon shiga?

Iri huɗu ake gani a layin harbi, kowanne da mutanensa.

Na farko ita ce mai bututu ɗaya da ake karyawa a saka harsashi, wadda Browning BT-99 ta fi shahara a cikinsu. Ba ta da tarkace, ba ta cika lalacewa ba, an gina ta da nauyi da tudun gindin da wasan yake so, kuma ana samun ta hannu da yawa a Amurka. Illarta ita ce aiki ɗaya ta iya. Ga wanda ya tabbata tirap na Amurka kaɗai zai buga, da wuya a samu zaɓin da ya fi ta.

Ta biyu ita ce mai bututu biyu, ɗaya kan ɗaya. Ita ce kusan dukan manyan maharban Olamfik ke riƙewa, domin kowane bututu yana iya samun nasa matsin baki, wato tsukewar ƙarshen bututu, na ƙasa ya yi harbin farko na sama ya bi faifan da ya ƙara nisa. Browning Citori, wadda kamfanin Miroku na Japan ke ƙerawa tun 1973, da dangin Beretta 686, su ne aka fi farawa da su. Idan mutum bai tsai da shawarar irin wasan da zai zauna a kai ba, wannan ginin ne ya fi barin masa ƙofa a buɗe, kuma a ra'ayina shi ne amsar mafi yawan masu tambaya muddin aljihunsu zai ɗauka. Sai dai a yi hattara da mafi arha a cikinsu. Haɗa bututu biyu su riƙa kai harbi wuri ɗaya aiki ne mai wuya da tsada, kuma a nan ne masu araha suka fi gazawa. Masana'antun Turkiyya irin su Huglu da Yildiz suna fitar da masu sauƙin kuɗi da mutane da dama suka fara da su, amma kamata ya yi a gwada kowace a kan allon gwajin harbi kafin a amince da ita.

Ta uku ita ce mai ɗura kanta, wadda ke tofar da kwanso ta saka sabon harsashi da kanta. Masu aiki da iskar albarushi, irin Remington 1100 da ta fito a 1963 da Beretta A400, sun fi kowace sanyin duka, abin da ya sa suka dace da mai ƙaramin jiki ko mai ciwon kafaɗa. Suna buƙatar wanki a kai a kai, sannan suna cilla kwanso gefen dama, daidai inda maƙwabcinka yake tsaye yana ƙoƙarin tattara hankalinsa. Ana sayar da ɗan ƙarfen da ke tare kwanson, kuma wanda ya zo layi ba tare da shi ba zai ga canjin fuska.

Ta huɗu ita ce wadda ake ja da hannu, irin Remington 870 ta 1950 da Mossberg 500. Ita ce mafi arha, tana da juriya, kuma a harbin faifai ɗaya jan hannun ba ya rage komai tunda harsashi ɗaya ake sakawa. Winchester Model 12 ta 1912 ta ci gasa ba adadi a zamaninta. Mai ƙaramin ƙarfi da ya samu irin wannan mai dogon bututu bai yi faɗuwa ba.

Mai bututu biyu gefe da gefe, wadda maharban daji suka fi sani, ba a cika ganinta a tirap ba, domin faɗin bututunta yana rufe faifan da ke hawa.

Ana yawan cewa bindiga ta "dace da jiki". Me ake nufi?

Wannan shi ne ginshiƙin zaɓen gaba ɗaya. Bindigar dalma ba ta da abin saiti na baya. Idon maharbi ne ke tsayawa a matsayinsa, kuma katakon gindi ne ke ajiye idon a inda zai tsaya. Idan katakon ya ajiye ido ƙasa da kima, harbi zai tafi ƙasa, idan ya ajiye shi gefe, harbi zai bi gefen, ko da maharbin ya yi komai daidai. Bindiga mai tsada da ba ta dace da fuskarka ba za ta riƙa kuskuren faifai, mai araha da ta dace kuwa ta riƙa fasawa.

Ana duba abubuwa uku. Tsawo daga kunama zuwa ƙarshen gindi, wanda a yawancin bindigogin kanti yake tsakanin inci 14 da 15. Tsayin doron da kunci ke kwanciya a kai. Sai karkatar katakon zuwa dama ko hagu, wadda ke sa bindigar na-dama ta ƙi bahago.

Gwajin da za ka iya yi a kanti ba shi da wuya. Ka tabbatar da idonka cewa bindigar babu komai a ciki, ka fuskanci inda mai kanti ya ce babu haɗari, ka rufe ido biyu, ka ɗaga ta zuwa kunci da kafaɗa yadda jikinka ya ga dama, sannan ka buɗe ido ba tare da ka motsa kai ba. Abin da ake so ka gani shi ne layin ƙarfen da ke kwance a kan bututu ya miƙe sak a tsakiyar idonka, ƙaramar ƙwayar saiti ta tsakiya ta zauna ƙarƙashin ta gaba kamar lamba 8. Idan bayan ƙarfen bindigar kawai kake gani, doron ya yi ƙasa. Idan kana hango gefen layin, karkatar ba taka ba ce. Ka kuma lura da tazarar da ke tsakanin hancinka da babban yatsan hannun da ke riƙe da wuyan bindigar: faɗin yatsu biyu ya isa, ƙasa da haka kuwa yatsan zai riƙa dukan hancinka a kowane harbi. Ka maimaita sau da yawa, sanye da irin rigar da za ka yi harbi da ita, domin rigar sanyi mai kauri tana ƙara tsawo.

Saboda jikin sabon shiga bai zauna ba tukuna, doron da ake ɗagawa ko matsarwa da sukurori ya cancanci ƙarin kuɗin da ake ɗora masa. A cikin duk ƙarin kayan da ake tallatawa, shi ne kaɗai zan ce a nema tun farko.

Yaya batun ido yake?

Kowane mutum yana da idon da ke jagorantar ɗayan, kuma ba lallai ne ya zama gefe ɗaya da hannun da yake aiki da shi ba. Ka miƙa hannaye biyu, ka bar 'yar kafa tsakanin tafukanka, ka kalli wani abu mai nisa ta cikinta da ido biyu a buɗe, sannan ka janyo hannayen zuwa fuskarka a hankali. Idon da kafar ta sauka a kansa shi ne jagora. Idan ya saɓa da hannunka, mafita biyu ce: ka koyi harbi daga kafaɗar da ke gefen idon, wanda ya fi sauƙi ga wanda bai saba da komai ba tukuna, ko ka manna ɗan tef mai dusashewa a gilashin tabarau daidai gaban idon jagora. Wajibi ne a san wannan kafin saye, domin shi zai nuna ko bindigar na-dama ake nema ko ta bahago.

Me ake nufi da 60/40 ko 70/30 da ake rubutawa a bayanin bindiga?

Lissafi ne na yadda ƙwayoyin dalma ke rabuwa sama da ƙasan inda aka saita. Bindigar farauta galibi 50/50 ce, wato rabi sama rabi ƙasa, saboda haka mai harbin faifan da ke hawa sai ya rufe shi da bakin bindiga kafin ya ja kunama, ya yi harbin abin da ba ya gani. Mai 70/30 tana kai kashi 70 sama, maharbi yana ganin faifansa zaune a kan ƙwayar saiti har ya fashe. A nisan yadi 40, kowane kashi goma yana daidai da kimanin inci uku, wato 60/40 ta ɗaga tsakiyar harbi da inci uku, 70/30 da inci shida. Ƙwararru wasu suna kaiwa 90/10 ko fiye, amma sabon shiga ya tsaya tsakanin 60/40 da 70/30.

Abin da aka rubuta a kwali ba shi ne hujja ba, domin fuskar kowa daban take. Filaye da yawa suna da allon ƙarfe da ake shafa wa fenti, ko katakon da ake manna babbar takarda. Ka yi ɗigo a tsakiya, ka ja baya zuwa nisan da mai koyarwa ya nuna, ka ɗaga bindigar yadda ka saba, ka harbi ɗigon sau uku a takarda ɗaya. Da ka matso za ka ga ɗaruruwan ƙananan huji, masu kauri a wani wuri suna sirancewa zuwa gefe. Inda suka yi kauri nan ne bindigar ke harbi a hannunka. Idan ya karkata hagu, a matsar da doron dama, idan ya yi ƙasa, a ɗaga shi. Mai bututu biyu kuwa a gwada kowane bututu a takardarsa, a ga ko sun haɗu.

Wane tsawon bututu da wane nauyi?

Ga mai bututu biyu, inci 30 ko 32. Ga mai bututu ɗaya, 32 ko 34. Ga mai ɗura kanta da wadda ake ja da hannu, 28 ko 30 ya isa, domin gangar jikinsu tana ƙara musu tsawo. Dogon bututu ba ya ƙara wa harbi wani ƙarfin a zo a gani. Amfaninsa shi ne yana sa motsin bindiga ya tafi sumul, ya hana ta tsayawa cak a tsakiyar bin faifai, wanda shi ne kuskuren da ya fi cin sababbin maharba.

Nauyin bindigar tirap yakan kama daga kilo uku da rabi zuwa huɗu. A nan nauyi alheri ne, tunda ba a yawo da ita a daji kuma yana shanye duka. Iyakarsa ita ce ƙarfin hannunka a faifai na ɗari, lokacin da gajiya ta fara sa bakin bindiga yana sunkuyawa.

Wane matsin baki ya kamata in sa?

Matsin baki, wanda maharba ke kira cok, ɗan tsukewa ne a ƙarshen bututu da ke hana dalma bazuwa da wuri. A Turai ana kiran matakansa kwata, rabi, kwata uku da cikakke. Ana auna shi da yawan ƙwayoyin da suka faɗa cikin da'ira mai faɗin inci 30 a nisan yadi 40: cikakke yana zuba kusan kashi 70, rabi kusan kashi 60. Daga layin yadi 16 faifai yakan fashe ne a wajen yadi talatin da 'yan kai, saboda haka rabi ko kwata uku ya wadatar. Wanda aka ja baya zuwa yadi 27 shi ke buƙatar cikakke, a Olamfik kuma an fi haɗa kwata uku a bututun ƙasa da cikakke a na sama.

Bindigar da ake murɗa mata cok a cire ta fi amfani ga mai farawa. Amma da zarar ka sa rabi ko kwata uku, ka bar shi ya zauna. Faifan da ya kuɓuce wa sabon shiga, ɗaga kai daga katako ko tsayar da bindiga ne ya kuɓutar da shi. Inda doka ta tilasta ƙwayoyin ƙarfe a maimakon dalma, a duba umarnin masana'anta, domin ƙarfe ba ya jituwa da matsi mai tsanani.

Wane harsashi, kuma yaya zan yi da dukan kafaɗa?

Ƙwaya mai lambar girma 7½ ko 8 ake amfani da ita, cikin kwanso mai tsawon milimita 70. Giram 28 na lamba 7½ yana ɗauke da ƙwayoyi kusan 350, na lamba 8 kuma fiye da 400, alhali 'yan ƙalilan ne ke fasa faifai. Dokar ATA ta yarda har giram 32, amma babu dalilin da zai sa mai koyo ya fara da shi. Giram 24 ko 28 mai matsakaicin gudu shi ne daidai.

Duka guda ɗaya ba ya cutarwa, taruwarsa ce matsala. Mutumin da bindiga ke bugu ɗari a yini, jikinsa zai fara zabura kafin harbi ya tashi, ya ƙifta ido, ya fizgi kunama, kuma wannan ɗabi'a ta fi wuyar cirewa fiye da shigarta. Idan kunci ne ke ciwo ba kafaɗa ba, to laifin dacewar katako ne, sauya harsashi ba zai warkar da shi ba.

Ina da bindigar farauta. Zan iya farawa da ita?

Ƙwarai kuwa, muddin geji 12 ce ko 20 kuma lafiyarta ƙalau. Za ta fi duka saboda rashin nauyi, kuma dole ka riƙa rufe faifan da bakinta, amma ana iya ɗaga doronta da ɗan matashin roba mai mannewa. Za ta koya maka abin da za ka nema a ta gaba.

Sabuwa ko ta hannu?

Ta hannu daga kamfani mai suna ta fi sabuwa marar asali, kuma idan ka sauya ra'ayi za ka sayar da ita ba tare da babbar asara ba. Sai dai bindigar tirap tana iya zama ta harbi dubun dubatar harsashi alhali fuskarta tana sheƙi, tunda daga jaka sai layi take zuwa.

A mai karyewa, ka fara da ɗan hannun da ke saman wuya wanda ake turawa a buɗe ta. A yawancinsu, idan ka rufe ta kana kallo daga baya, hannun yana tsayawa ɗan dama da tsakiya lokacin da take sabuwa, yana matsowa tsakiya yayin da maƙullin ke cinyewa, wanda ya wuce zuwa hagu kuwa gyara yake jira. Ka cire katakon gaba, ka riƙe ta a gindi ka girgiza a hankali, bai kamata ka ji wani motsi tsakanin bututu da gangar jiki ba. Ka ɗaga bututun zuwa haske ka leƙa, kana neman ramukan tsatsa, lotsewa, ko zoben kumburi. Ka rataye bututun a yatsa ka ƙwanƙwasa shi da farce: ƙara mai tsawo alama ce ta lafiya, ƙara mai kurma kuwa na iya nufin layin saman ya fara ɓallewa. Ka duba tsagewa a katako daidai inda ya haɗu da ƙarfe, ka kuma tabbatar cok yana murɗuwa ya fita. A tambaya ko an sa mata irin kunamar da ke tashi lokacin da aka sake ta maimakon lokacin da aka ja, domin wasu tsofaffin maharban Amurka suna amfani da ita, kuma haɗari ce a hannun wanda bai sani ba. Bayan duk wannan, maƙerin bindiga mai lasisi ya duba ta kafin a biya.

Me zai hana in sayi irin ta zakarun duniya tun farko?

Perazzi MX8, wadda aka ƙera domin Olamfik na Meziko a 1968, da Beretta DT11 da Krieghoff K-80 ta birnin Ulm a Jamus, kayan aiki ne na ƙwarai da aka gina domin su jure harbin da mai koyo ba zai kai gare shi ba cikin shekaru. Waɗanda ke sayensu sun riga sun san awon katakon da suke so har zuwa milimita. Kai ba ka sani ba tukuna.

Sannan a yi lissafi. Kwalin harsashi ɗaya 25 ne, daidai da zagaye ɗaya. Mai zagaye huɗu a mako yana ƙona harsashi ɗari, a shekara fiye da dubu biyar, ban da kuɗin faifai da na mai koyarwa. Kuɗin harbi ne ke cin aljihu a wannan wasa, kuma wanda ya ƙarar da komai a kan bindiga zai zauna yana goge ta a gida.

Mata da matasa fa?

Ƙa'idar ɗaya ce, awon ne ya bambanta. Bindigar kanti an auna ta ne da matsakaicin namiji, saboda haka mata da yawa suna buƙatar gindi gajere, doro mai tsayi, da wuya siriri da hannu zai zagaye. Akwai masu ƙera irin wannan musamman, kamar Syren, kuma maƙeri na iya rage tsawon katako. Ga matashin da ke girma, a nemi gindin da ake ƙara wa tsawo da faranti, kuma kada a ɗora masa bindigar da ke sa shi gantsarewa baya domin ya ɗaga ta.

Me doka ta ce?

Ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, kuma ita ce za a fara dubawa. A Birtaniya sai an samu takardar izini daga 'yan sanda, mai aiki na shekara biyar, tare da amintaccen wurin ajiya da za su iya zuwa su duba. A Amurka dokar tarayya ta ce sai mai shekara 18 zai sayi irin wannan bindiga daga dila mai lasisi, bayan an binciki tarihinsa, jihohi kuma suna da nasu ƙarin sharuɗɗa, haka ma baƙon da ke zaune da biza. A Nijeriya, Dokar Makamai ta 1959 ta sa lasisin bindigar dalma a hannun Sufeto Janar na 'yan sanda, ta kuma cire masu ɗura kansu daga wannan rukuni, sannan a 2023 rundunar ta sanar da dakatar da bayar da sabon lasisi. Bindigar da aka saya bisa ƙa'ida a wata ƙasa ba ta zama halal a wata ba sai da izinin shigo da ita.

Ban da bindigar, me zan tanada kafin ranar farko a layi?

Abin toshe kunne da tabarau mai jure duka wajibi ne, domin ƙarar harbi tana lalata ji a hankali ba tare da an ankara ba, ɓarɓashin faifai kuma yana iya dawowa da iska. Sai jakar ɗamara ko 'yar shara mai aljihu da za ta ɗauki kwali ɗaya, da sandar wanke bututu da mai, da kabad ɗin ƙarfe mai makulli a gida, harsashi a ajiye shi daban. A wanke hannu bayan harbi kafin a ci abinci saboda dalma.

A layi, bindiga tana zama a buɗe babu komai a ciki har sai juyinka ya matso, kuma ba a rufe ta sai naka ya zo. Harsashi ɗaya ake sakawa inda harbi ɗaya aka yarda. Ba a tafiya daga matsaya zuwa matsaya da harsashi a ciki, kuma mai barin matsaya ta biyar zuwa ta ɗaya yana bi ne ta bayan sauran, bakin bindigarsa yana kallon inda babu mutum. Idan ka ja kunama harbi bai tashi ba, ka ci gaba da fuskantar da ita gaba, ka jira umarnin alƙalin wasa kafin ka buɗe.